Mai Shiga Tsakani A Kotun Iyali: Aikinsa Da Irin Horon Da Ake Ba Shi

Gabatarwa

Kowace shekara in muka tambayi 'yan aji shida abin da suke so su zama, amsoshin ba su cika wuce biyar ba: likita, lauya, injiniya, soja, ko ma'aikacin banki. Waɗannan duka ayyuka ne masu kyau. Amma akwai waɗansu ayyukan da ƙasa take bukata ƙwarai waɗanda ba a cika jin sunansu a aji ba. A mujallar bana mun ga ya kamata mu ɗauki ɗaya daga cikinsu mu bayyana shi, wato aikin mai shiga tsakani a kotun iyali. Shi ne mutumin da aka horar domin ya zauna da miji da mata waɗanda rigimarsu ta kai gaban hukuma, ya taimake su su daidaita da kansu kafin alƙali ya yanke hukunci.

Wani zai ce ai wannan ba sabon abu ba ne. Dattawan ikkilisiya, da iyayenmu na zumuntar mata, da masu unguwa, da limamai, da kawunnai da gwaggwanni, duk sun daɗe suna shirya ma'aurata tun kafin a haife mu. Gaskiya ne, muna kuma girmama su saboda wannan hidima. To, in haka ne, me ya sa sai mutum ya shiga aji kafin kotu ta yarda ta ba shi wannan aiki? Wannan ita ce tambayar da muke so mu amsa.

Wane Ne Mai Shiga Tsakani?

Za mu fi gane shi in muka jera shi da waɗansu mutum uku da muka saba da su. Alƙali yakan saurari kowane gefe, ya duba shaida, ya yanke hukunci, wani ya ci, wani ya faɗi. Lauya yakan tsaya wa gefe ɗaya, wato wanda ya ɗauke shi. Dattijo kuwa yakan saurara, ya nuna mai laifi, ya yi nasiha, ya rufe da cewa, “A yi haƙuri, a koma gida.”

Mai shiga tsakani ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba shi da ikon hukunci, ba ya tsaya wa kowa, ba ya kuwa yin wa'azi. Abin da yake hannunsa shi ne tsarin zaman: wa zai fara magana, wace matsala za a fara ɗauka, yaushe za a huta in rai ya ɓaci. Shawarar ƙarshe kuwa tana hannun masu rigimar, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aikin yana tsaye a kan ginshiƙai huɗu. Na fari, ba a tilasta wa kowa ya sa hannu a kan abin da bai yarda da shi ba. Na biyu, mai shiga tsakani ba ya karkata ga miji ko ga mata. Na uku, abin da aka faɗa a ɗakin sulhu ba ya fita waje. Na huɗu, su masu rigimar su ne suke tsara yarjejeniyar da bakinsu.

Akwai kuma wani abin da ya kamata mu lura da shi tun yanzu. Kalmar sulhu tana ɗauke da abu biyu. Akwai sulhun da ake yi domin aure ya tsaya, mata ta koma ɗakinta. Akwai kuma daidaitawar da ake yi bayan an riga an rabu, domin a san inda yara za su zauna, wa zai biya kuɗin makaranta, yaya za a yi da gida ko gona. Mu da muka gaskata cewa aure abu ne na har mutuwa, lalle na farin muke fata kullum. Duk da haka yawancin waɗanda suke isa kotu sun riga sun wuce ta hannun iyaye da dattawa, abin bai yiwu ba. Ko da aure ya mutu, uba yana nan uba, uwa tana nan uwa, yara kuwa suna bukatar su duka biyu. A nan ne aikin mai shiga tsakani ya fi yawa.

Daga Ina Wannan Aiki Ya Fito?

Sulhu tsoho ne a ko'ina cikin duniya, amma mayar da shi sana'a mai horo da takardar shaida bai daɗe ba. A Amurka, sa'ad da kisan aure ya yawaita a shekarun 1970, kotuna suka cika da iyaye masu jayayya a kan yara. A 1976 wani shehun malamin shari'a na Jami'ar Harvard, mai suna Frank Sander, ya kawo shawarar a yi kotu mai ƙofofi da yawa. Nufinsa shi ne, in mutum ya kawo ƙara, a duba irinta, a nuna masa ƙofar da ta dace: wata ta shari'a, wata ta sulhu, wata ta raba gardama. A 1981 jihar Kalifoniya ta zama ta fari a ƙasar da ta wajabta wa iyaye masu jayayya a kan riƙon yara su fara zama da mai shiga tsakani. A Ingila kuwa, tun daga Afrilu 2014, wanda yake so ya kai ƙarar riƙon yara ko rabon dukiyar aure, tilas ya fara halartar zama ɗaya a bayyana masa hanyar sulhu, sai dai in akwai dalili mai ƙarfi kamar duka a gida.

Shawarar Sander ta iso Nijeriya a 2002, sa'ad da aka buɗe Kotu Mai Ƙofofi Da Yawa ta Legas, ita ce kuwa irinta ta fari a Afirka. Abuja ta bi baya a 2003, Kano a 2009, waɗansu jihohi kuma suka biyo. A Kano ɗin dai, a zamanin gwamna Malam Ibrahim Shekarau, an kafa Zauren Sulhu domin daidaita rigingimun unguwa da na iyali. Ghana ta yi dokarta ta sulhu a 2010, Kenya kuma ta fara sulhu a ƙarƙashin kotu a 2016, ta soma da sashen iyali da na ciniki a babbar kotun Nairobi.

Me Dokar Ƙasarmu Ta Ce?

Wanda zai yi wannan aiki ba lalle ne ya zama lauya ba, amma tilas ya san dokar da take kewaye da mutanen da suke gabansa. Abu na fari da zai tambaya shi ne, wane irin aure aka ɗaura? A Nijeriya aure iri uku ne a gaban doka: auren rajista, auren gargajiya, da auren Musulunci. Na rajista babbar kotun jiha ce take da ikon raba shi. Na gargajiya yana zuwa kotun gargajiya ko kotun yanki, inda sau da yawa maganar mayar da kuɗin aure takan taso. Na Musulunci kuwa yana zuwa kotun shari'ar Musulunci ko kotun yanki, can ma alƙali yakan nemi waliyyai da dangin kowane gefe su gwada shirya su tukuna. A nan muna jan hankalin 'yan ikkilisiya: ba kowane bikin da aka yi a majami'a ne auren rajista ba. Sai an ba da sanarwa a ofishin rajista ta kwana 21, an karɓi takardar izini, an kuma ɗaura shi a majami'ar da take da lasisi. In ba haka ba, albarka ce aka sa wa auren gargajiya.

Dokar shari'ar aure ta 1970, wadda take kula da auren rajista, ta ba sulhu wuri mai kyau. Sashe na 11 ya ɗora wa kotu nauyin duba ko akwai hanyar shirya ma'auratan. Alƙali yana iya ɗaga shari'a, ya kuma naɗa mutum mai horo ko gogewa a wajen shirya aure ya zauna da su. In kwana 14 sun wuce, ɗayansu ya ce a ci gaba, sai a koma shari'a. Dokar ta ce abin da aka faɗa a wurin shiryawar ba za a kawo shi shaida a kotu ba, mai shiryawar kuma sai ya yi rantsuwar riƙe asiri kafin ya fara. Ta kuma ce a maganar riƙon yara, amfanin yaran ne ake sa wa gaba da kome.

Sai dokar haƙƙin yara ta 2003. Ita ce ta kafa kotun iyali a mataki biyu, na majistare da na babbar kotu. A wannan kotu alƙali yakan zauna tare da mataimaka biyu waɗanda suka san sha'anin yara. Ba a barin 'yan kallo su shiga, ba a kuwa buga sunan yaro a jarida. Dokar ta umarci kotun ta bi hanyar daidaitawa cikin ruwan sanyi a duk inda ya yiwu. Kowace jiha sai ta yi tata dokar kafin abin ya yi aiki a cikinta: Filato ta yi a 2005, Legas a 2007, Kaduna a 2018, Kano a 2023. A 2023 ɗin kuma aka sa hannu a sabuwar dokar tarayya ta sulhu da raba gardama, wadda ta maye gurbin ta 1988, ko da yake nauyinta ya fi karkata ga rigingimun ciniki.

Matakan Da Ake Bi

Mataki na fari shi ne ilimi mai zurfi. Masu wannan aiki sukan fito daga fannoni dabam dabam: shari'a, aikin jin daɗin jama'a, nazarin halayyar ɗan adam, nazarin zaman jama'a, koyarwa, da tauhidi. Jami'ar Ibadan, da Jami'ar Jos, da Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, duk suna koyar da nazarin zaman lafiya da warware rikici. Wanda yake riƙe da takardar malanta ma ƙofa ba ta rufe masa ba, gama malamin da ya shekara goma yana raba faɗan yara, yana sauraron iyaye, ya riga ya kama hanya.

Mataki na biyu shi ne kwas na sulhu kansa. A ƙasashe da dama ma'aunin da aka saba da shi shi ne sa'a 40, wato kamar mako guda cur daga safe zuwa yamma. Haka ake nema a Kenya, haka kuma a jihar Fulorida ta Amurka, inda kotun ƙoli ta jihar take ba masu sulhun iyali takardar shaida, tana kuma neman mutum ya kasance da digiri. A Nijeriya akwai ƙungiyar ƙwararrun masu sulhu da ake kira ICMC a taƙaice, wadda aka kafa a 1999, hedkwatarta tana Abuja. Tana ba da horo, tana kuma ɗaukar waɗanda suka ci a matsayin 'yan ƙungiya. Kotu Mai Ƙofofi Da Yawa ta Legas ita ma tana horar da masu shiga tsakani.

Mataki na uku shi ne koyo a ƙarƙashin gwani, kamar yadda ɗan koyon kafinta yake yi a shagon maigidansa. Da fari zai zauna a gefe yana kallo, da izinin masu rigimar. Daga baya ya yi aiki tare da gwanin. A ƙarshe ya riƙe zama shi kaɗai, gwanin yana duba aikinsa. Mutanen Ingila sun tsananta a nan: bayan kwas na fari, sabon mai sulhu yakan yi aiki a ƙarƙashin mai duba shi, ya tara bayanin shari'un da ya daidaita, ya miƙa wa majalisar masu sulhun iyali, yawanci cikin shekara uku, kafin a ba shi cikakkiyar shaida.

Mataki na huɗu shi ne shiga jerin sunayen da kotu take aiki da su. Bayan haka karatu bai ƙare ba, gama doka tana sakewa, ana kuma bukatar mutum ya riƙa komawa ƙarin horo.

Wuraren aiki sun haɗa da kotuna masu ƙofofi da yawa, ofisoshin jin daɗin jama'a na jiha da na ƙananan hukumomi, Hukumar Ba Da Agajin Shari'a wadda aka kafa a 1976, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da Cibiyar Sulhu Ta Jama'a da gwamnatin Legas ta buɗe a 1999. Ya kamata kuma ɗalibai su sani cewa da yawa daga masu wannan aiki suna haɗa shi da wata sana'a, kamar aikin lauya, ko koyarwa, ko aikin gwamnati.

Abin Da Ake Koya A Aji

Yanzu mun iso zuciyar maganar. Yawancin kwas ɗin ba a kan allo ake yinsa ba. Akan raba ɗalibai uku uku, ɗaya ya zama miji, ɗaya mata, ɗaya mai shiga tsakani, malami yana gefe yana rubuta kurakurai. Bari mu ɗauki misali irin wanda ake bayarwa.

Miji direban mota ne, mata tana tuyar ƙosai. Suna da yara uku, wata takwas ke nan tana gidan iyayenta tare da yaran. Iyaye da dattawa sun yi iyakar ƙoƙarinsu, abin ya gagara. Da aka zauna sai mijin ya ce, “Yarana ne, na biya kuɗin aure, a ba ni abuna.” Matar ta ce, “Baban yaran nan mugu ne. Wata takwas ko kwabo bai aiko ba, yau ne ya tuna yana da yara?”

Darasi na fari shi ne kame baki. Kusan kowane sabon ɗalibi, da jin haka, zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci, bakinsa yana ƙaiƙayin nasiha. Malami zai tsayar da shi. Da zarar ɗaya ya ga an karkata, ya daina magana ta gaskiya, ya koma kāre kansa. Ga manya waɗanda suka saba a ji maganarsu, kamar mu malamai, da fastoci, da lauyoyi, wannan darasi ya fi kowanne wuya. Shi ne kuma babban dalilin da ya sa kyakkyawan hali kaɗai bai isa ba, sai an sha horo.

Darasi na biyu shi ne saurare da maimaitawa. Mai shiga tsakani yakan bar kowa ya ƙare maganarsa ba katsewa, sa'an nan ya maimaita abin da ya ji, ya tambaya, “Mama, na fahimce ki daidai?” Mutane da yawa wannan ce rana ta fari cikin shekaru da wani ya saurare su har ƙarshe.

Darasi na uku shi ne cire ƙaya daga magana. Ba zai maimaita kalmar “mugu” ba, ba kuwa zai tsawata mata ba. Zai ce, “Mama, abin da na ji shi ne, nauyin ci da sha da makaranta ya zauna a kanki ke kaɗai wata takwas, kina so a san yadda za a raba shi.” Ga mijin kuma ya ce, “Baba, na ji kana so ka tabbata ba a raba ka da yaranka ba.” Ma'anar tana nan, zagin ya fita, yanzu akwai abin da za a iya tattaunawa.

Darasi na huɗu shi ne neman abin da yake ƙarƙashin magana. Abin da mutum ya fara nema da baki sau da yawa murfi ne, bukatarsa tana ciki. Da tambayoyi a hankali sai a gane cewa mijin, wanda yake kwana uku a hanya, ba shi da mai duba masa yara. Tsoronsa shi ne kada su tashi ba su san danginsa ba, ba su jin harshensa, suna kiran wani baba. Matar kuwa ba ta ƙi ya ga yaransa ba. Tsoronta shi ne kada su faɗa hannun wata matar da za ta wulakanta su, karatunsu kuma ya tsaya. “A ba ni yara” da “ba zan bayar ba” ba sa haɗuwa har abada. Amma waɗannan tsoro biyu ana iya magance su tare.

Darasi na biyar shi ne ganawa a keɓe. Wani lokaci akan fitar da ɗaya, a zauna da ɗaya. A nan mijin zai iya faɗin abin da kunya ta hana shi, cewa motar ta lalace wata biyar, bashi ya yi masa katutu. Mai shiga tsakani ba zai kai wa matar wannan magana ba sai da izininsa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Darasi na shida shi ne daidaita ƙarfi. In ɗaya mai kuɗi ne, mai ilimi, mai kaifin baki, ɗayar kuwa tana jin nauyin ɗaga ido a gaban maza, zaman zai karkata ko da ba wanda ya nufa. Ana koya wa ɗalibi ya raba lokacin magana daidai, ya nemi tafinta in akwai bukata, ya kuma shawarci mai rauni ya ga lauya kafin ya sa hannu.

Darasi na ƙarshe shi ne rubutu. “Uba zai riƙa taimakawa” magana ce da za ta haifi sabuwar rigima cikin wata biyu. Sai a rubuta dalla dalla: yara za su zauna wurin uwa lokacin makaranta, su tafi wurin uba da kakarsu lokacin hutu, uba zai biya kuɗin makaranta kai tsaye kafin ƙarshen mako na biyu na kowane zango, ya kawo rasit, zai kawo mudu kaza na hatsi kowane wata, ga wanda za a kira in yaro ya kwanta ciwo, ga yadda za a riƙa karɓa-karɓa lokacin Kirsimeti. A kotu mai ƙofofi da yawa, in sun sa hannu, alƙali ya amince, takardar ta zama hukuncin kotu, wanda ya karya ta ana iya tilasta masa.

Inda Ba A Yin Sulhu

Horo mai kyau yana koya wa mutum inda zai tsaya. Kafin a haɗa ma'aurata a ɗaki ɗaya, tilas a ga kowannensu shi kaɗai, a tambaya a fili: akwai duka? Akwai barazana? Kina jin tsoronsa? Kana jin tsoronta? Macen da ake duka za ta yarda da kome a gaban mai dukanta domin ta fita lafiya, irin wannan yarda kuwa ba yarda ba ce. A nan ne sulhunmu na gida yakan yi tuntuɓe. Da kyakkyawar niyya akan ce “ki yi haƙuri, aure ɗan haƙuri ne,” a mayar da ita, wani lokaci kuwa gawarta ce take dawowa. Haƙuri yana da daraja, amma ba a yi shi domin ya rufe jini ba.

Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda jihohi da yawa suka karɓa, ta mai da dukan miji ko mata laifi, ta kuma ba kotu ikon ba da umarnin kāriya. In an sami duka mai tsanani, ko fyaɗe, ko cin zarafin yaro, wannan ba maganar sasantawa ba ce, ta 'yan sanda ce da alƙali. Riƙon asiri ma a nan yake da iyaka. Tun a farkon zama mai shiga tsakani yakan faɗa wa kowa cewa in ya ji ran wani yana cikin hatsari, musamman yaro, ba zai yi shiru ba. Haka kuma in ɗaya daga cikinsu ɗan'uwansa ne, ko abokinsa, ko wanda yake binsa bashi, sai ya faɗa, ya janye, a ba wani.

Yana Da Amfani Kuwa?

Hausawa sun ce shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Ban da wannan, tana cin kuɗi, tana cin lokaci, tana kuma sa kowa ya tono asirin ɗan'uwansa domin ya ci. Bayan irin wannan tonon silili, da wuya iyaye su sāke zama inuwa ɗaya domin yaransu.

Wani shehun malami a Jami'ar Birjiniya ta Amurka, Robert Emery, ya gwada abin. Shi da abokan aikinsa sun ɗauki iyalai masu jayayya a kan yara, suka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a: waɗansu suka bi sulhu na 'yan sa'o'i, waɗansu suka bi shari'a. Bayan shekara 12 suka koma suka duba, suka buga sakamakon a 2001. A cikin iyayen da yara ba sa zaune tare da su, kashi 28 cikin 100 na waɗanda suka bi sulhu suna ganin yaransu kowane mako, a gefen shari'a kuwa kashi 9 ne kacal. Amurka ba Nijeriya ba ce, amma dalilin a fili yake ga kowa: abin da mutum ya tsara da bakinsa ya fi riƙe shi da abin da aka ɗora masa.

Kammalawa

Ga ɗalibanmu, musamman masu fita a bana, muna cewa ba sai kun jira jami'a kafin ku fara ba. Ku dage da Turanci, da Hausa, da harshen gida, gama mai shiga tsakani da harshe yake aiki. Ku kula da darasin gwamnati da na zaman jama'a. Shugabannin ɗalibai da na ɗakunan kwana, in biyu suka kawo muku ƙara, ku gwada sauraron kowa har ƙarshe, ku maimaita abin da kuka ji, kafin ku buɗe baki da hukunci. Wanda aka ba shi asiri ya kai ɗakin cin abinci, bai shirya wa wannan aiki ba tukuna. Muna kuma sane cewa a cikinku akwai waɗanda iyayensu suka rabu. Ku sani laifin ba naku ba ne, ba kuwa wanda yake da ikon tilasta muku ku zaɓi uwa ku ƙi uba, ko ku zaɓi uba ku ƙi uwa.

Ga dattawa da shugabannin ikkilisiya kuma muna kawo roƙo cikin ladabi. Mutanenmu sukan zo wurinku tun kafin su san hanyar kotu. Zai yi kyau kowace gunduma ta ɗauki nauyin mutum biyu, namiji da mace, su je su sami wannan horo, su dawo su koya wa sauran. Hikimar furfura tana nan a wurinta, horon zai ƙara mata sanin doka, da riƙon asiri, da gane lokacin da ya kamata a kira hukuma.

Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, ko harshe da haƙori sukan saɓa. Tun da saɓani ba zai ƙare ba, ƙasa tana bukatar mutanen da suka koyi zama a tsakiya da kunne biyu. Muna fata wata rana za mu ji an ce waɗansu daga cikinsu a wannan makaranta suka yi karatu. Allah ya ba gidajenmu zaman lafiya, amin.